Ranar da Muka Karkatar da Na'ura da Gangan

Ko shekara nawa zan yi a wannan sana'a, ba na jin zan manta ranar da Ashiru ya shigo situdiyon Kawu Lawwali da ganga rataye a kafaɗa, ya tsaya a bakin ƙofa yana ta sallama kamar wanda ya zo neman aure. Tunda kun ce kowa ya kawo labarin aiki guda ɗaya a wannan zama namu na masu ɗaukar sauti, ni wannan zan kawo. Ku yi haƙuri in na ja shi, kun san ni da zancen na'ura, in na fara sai an taka min birki.

Ga sababbin cikinmu, sunana Nazifi. Kawu Lawwali ƙanen mahaifiyata ne, yana da situdiyo a nan Daura tun ban zo duniya ba. Ni ban yi makarantar wannan aiki ba. Da kwance matattun rediyoyi na fara, sai kallon bidiyoyin gyara a waya har data ta ƙare, sai damun mutane da tambaya. Aikina a wurin Kawu shi ne kwamfuta: haɗa sauti, tacewa, da kwashe tsofaffin kaset a mai da su cikin memori.

To, a ƙasan teburin Kawu akwai wani akwatin ƙarfe cike da wasu 'yan kaset ƙanana, kowanne ya ɗan fi kwalin ashana girma. Yawancinku ba ku taɓa riƙe irinsu ba. Sunansu DAT. Kaset ne mai zare kamar wanda iyayenmu suka sani, amma abin da ke kan zaren ba sauti ba ne, lambobi ne. A zamaninsu da su ake ɗaukar uwar aiki, wato asalin ɗauka mai tsabta, daga ita sai a buga kaset na kasuwa. Kawu ya sayi na'urarsa hannu na biyu wurin wani mutumin Damagaram da ya shigo da ita ta Kongolam. Irin ta ratayawa ce, ba ta fi babban littafi ba. Da ita ya zaga ƙauyukan ƙasar Daura a kan babur, bukukuwa, walimar sauka, kiɗan maƙera, duk abin da aka kira shi.

Ranar da nake ba ku labari, bazara ce ta kai ƙarshe, hadari yana haɗuwa da yamma yana watsewa. Ashiru ya zauna, ya sha ruwa, sannan ya ce:

"Baba Lawwali, ni ɗan Tanko ne, Tanko mai gangar noma, na can gaba da Baure."

Kawu ya ajiye abin da ke hannunsa. "Tanko! Yana nan kuwa?"

"Yana nan. Amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye tun da kaka. Baki ma ya tafi. Yana ji, yana gane mutane, magana ce babu."

Muka yi salati. Sai ya kwance mana abin da ya kawo shi. A garinsu in za a yi gayya, wato a taru a nome gonar mutum ɗaya, mai ganga ne ke tafe bayan manoma. Kuma kowane gida yana da takensa. Take ba kiɗa ba ne kawai na jin daɗi, sunan gidan ne da kirarinsu ganga take faɗa. In aka buga taken gidanku, samarin gidan za su zabura su sha gaban kowa da hauya. In aka tsallake ku kuwa, ko aka buga muku na wasu, an ci muku fuska a gaban gari. Gidan su Ashiru su ne ke riƙe da wannan ganga tun kakanni. Shi kuma ya tafi kudu tun yana saurayi yana bin motar kaya, hannunsa ya iya bugu, amma taken gidaje bai riƙe ko rabi ba.

"Na ɗauka akwai lokaci," ya ce. "Kullum na zo sallah sai Baba ya ce in zauna mu bi su, in ce sai wata zuwa. Yanzu samari sun ce a bar wahala, a ɗauko lasifika da memori a sa musu waƙoƙin zamani. Sarkin Noma ya ce ya ba ni zuwa noman farko. In na iya, ganga ta fita. In ban iya ba, a rataye ta. Innata ce ta tuna cewa kun taɓa zuwa kun ɗauki gayya guda cur. Kaset ɗin da kuka ba mu gara ta cinye shi tuntuni."

Kawu ya janyo akwatin nan, ya yi ta tono har ya zaro ɗaya. Ni kuwa ban kawo wata matsala a raina ba. Watanni kaɗan kafin nan muka kai na'urar wurin Oga Sande ya yi mata gyara na gani na faɗa, mun kuma gwada wasu tsofaffin kaset sun fito tas. Na ce wa Ashiru, "Yaya, ka kwantar da hankalinka, kafin la'asar za ka tafi da shi a waya."

Na sa kaset. Na'ura ta ja zare, ta fara juyi. Sai muka ji muryar mutane, gangar ta buga biyu uku, sai "kirrr, tsss", sai shiru. Sai ta dawo, sai ta sake ɓarkewa kamar ana yaga takardar siminti. Lambobin da ke kan gilashin na'urar suna ta ƙiftawa. Na tura gaba, haka. Na tura tsakiya, haka. Na yi maza na kashe, don irin wannan zare ba a wasa da shi.

Ashiru ya dube ni. "Ya mutu ko?"

Na ce ban sani ba tukuna. Kuma gaskiya ban sani ba.

A nan dole in tsaya in yi muku bayanin yadda abin yake aiki, in ba haka ba sauran labarin ba zai shiga ba. Kaset na da, wanda kuka sani, sautin ne yake kwanciya a kan zare a miƙe, kamar mutum ya ja layi da sanda a ƙasa. In ya tsufa sai ka ji "shuuu" a bayansa, murya ta dushe, amma dai kana ji. DAT ba haka take ba. Ita auna sauti take yi. A cikin sakan ɗaya tana auna shi sau dubu arba'in da takwas, kowane awo ta rubuta shi a lamba. Ku duba yawan rubutun! Zaren kuma tafiyarsa a hankali ce ƙwarai, ko faɗin farce ba ya ci a sakan. To ina za ta zuba waɗannan lambobi haka?

Dabarar ita ce, abin rubutun ne yake gudu, ba zaren ba. A cikinta akwai wani ƙarfe zagayayye kamar murfin kwalba, masu gyara suna ce masa dirom. A jikinsa akwai 'yan kawuna biyu masu rubutu da karatu. An kafa shi a ɗan kishingiɗe, yana juyawa sau dubu biyu a minti. Zare yana wucewa ta jikinsa a hankali, kawunan nan suna shararawa a kansa a karkace, kowace wucewa layi ɗaya, siriri, bai kai silin gashi ba. Da na yi wa Ashiru wannan bayani, sai ya ce, "Kunyoyi kenan." Na ce wallahi ka fi ni iya faɗa. Kunyoyi ne a jere, an yanka su a kaikaice. Kuma in za a karanta, dole kan ya bi cikin kunyar nan daga farkonta har ƙarshenta, kada ya hau ta maƙwabta. Abin da ke riƙe zare daidai a jikin dirom wasu 'yan turaku ne guda biyu, ɗaya a mashiga ɗaya a mafita. Ku riƙe zancen turakun nan.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi burge ni. Na'urar ta san zare yana iya samun tabo. Saboda haka ba ta jera lambobin wuri guda, warwatsa su take yi, ta kuma ƙara wasu na lissafi. In 'yan kaɗan suka ɓace, sai ta lissafo su daidai, kamar in ce maka biyu da wani abu sun ba da biyar. In ɓatan ya fi haka, sai ta dubi na gaba da na baya ta kintata na tsakiya. In ya wuce kintace, sai ta yi shiru. Shi ya sa DAT ba ta dushewa a hankali. Ko ka ji ta garau kamar yau aka ɗauka, ko ta ɓarke, ko ta yi gum.

Ashiru ya koma gida ranar ba komai a hannunsa. Na ga yadda ya gyara ratayar gangar kafin ya hau mota, abin ya tsaya min a rai. Washegari na zauna da akwatin nan ina gwada kaset ɗaya bayan ɗaya, kowanne 'yan sakanni kawai. Sai na ga abin mamaki. Na farko-farkon da Kawu ya ɗauka suna fita tas. Wani sabo da na ɗauka a take, shi ma tas. Amma akwai wani zubi mai yawa a tsakani, duk irin ɓarkewa ɗaya suke yi. In tsufa ne, ai waɗanda suka fi tsufa ya kamata su fara mutuwa.

Na ɗauki na'ura, na ja Kawu muka tafi shagon Oga Sande. Ga waɗanda ba su san shi ba, mutumin kudu ne, amma a Daura ya tashi, mahaifinsa ma kayan rediyo yake sayarwa. Hausarsa ta fi ta wasunmu. Tun zamanin bidiyo mai kaset yake gyaran irin waɗannan na'urori masu dirom, kuma shi da Kawu abokai ne na tsiya da arziki.

Yana ganinmu ya ce, "Lawwali, in ka dawo da ita ne ka ce ban gyara ba, ka juya tun kafin in tashi."

"Sarkin gyara, ai gyaran naka ne ya yi yawa. Yaron nan ya hana ni barcin rana."

Na yi masa bayani. Ya saurara yana taɓa gemu. Sai na tambaye shi, lokacin da ya buɗe ta, me ya tarar.

"Datti, bel ɗin roba ya saki, sai turken mafita da ya kauce. Kamar an taɓa buga ta da ƙasa. Na aro kaset ɗin gwaji daga wani abokina a Kano, na daidaita ta tsaf kamar ranar da ta fito daga kamfani." Ya juya ga Kawu. "Kai, ka taɓa yar da ita?"

"Ni? Na'urar da nake goyo kamar jariri?"

"Wannan tabon na gwiwar hannunka fa? Ko ba kai ne aka kwaso daga cikin yashi a hanyar Baure ba, babur a sama kai a ƙasa, kana ta kiran a ceci batir?"

Kawu ya shafa gwiwar hannunsa. Sai ya ce a hankali, "Tana rataye a jikina ranar. Amma na gwada ta da na dawo, ta ɗauka, ta kuma maimaita lafiya lau. Na yi shekaru ina aiki da ita." Ya ƙara da cewa, "Tsofaffin kaset ɗin ne dai suka riƙa yi min gardama daga baya. Na ce tsufa ne."

Oga Sande ya dafe kai. Ni ma a lokacin abin ya faɗo min, na tuna wani bayani da na taɓa gani. Faɗuwar nan ta kautar da turke. Tun daga ranar na'urar take yanka kunyoyinta a ɗan lanƙwashe. Da yake ita ke rubutawa ita ke karantawa, da lanƙwasar take bi, ba wanda ya ji komai. Yanzu da aka miƙe ta, tana tafiya sak, kunyoyin kuma suna nan a lanƙwashe, sai take ƙetare su. Kaset ɗin Baba Tanko lafiyarsa ƙalau. Na'urar da ta rubuta shi ce ba ta nan.

Na ce, "Oga, to a mai da ita yadda take."

"A mai da ita me?"

"A karkace."

Ya dube ni kamar na zage shi. "Nazifi, tun kafin uwarka ta yi aure nake miƙe abin da ya karkace. Yau kai za ka zo ka ce in ɓata da hannuna?" Sai kuma ya sauke murya, ya faɗi ainihin abin da ke damunsa. Kaset ɗin gwaji ya koma Kano, mai shi ma ya bar sana'ar. In muka juya turke muka kasa dawo da shi, mun rasa miƙaƙƙun, ba mu samu karkatattun ba. Kuma turke in ya wuce gona da iri, zare yana hawa gefe ya tattare, abin da ya tattare kuwa ya tafi kenan. Na'urar nan kuma ita kaɗai muka sani mai rai a duk yankin.

Kawu ne mai na'ura, shi muka zuba wa ido. Sannan ya ce, "Ranar gayyar nan Tanko da kansa ya riƙe min babur na hau. Sande, juya ta."

Ga yadda muka tsara aikin, kuma ku riƙe wannan tsari, zai yi muku amfani. Da farko na kwashe duk miƙaƙƙun kaset zuwa kwamfuta, don in abin ya ƙi, kada a yi biyu babu. Wannan ya ci kwanaki, saboda DAT ba ta da gajeriyar hanya, kaset na awa biyu awa biyu zai ci. Ana cikin haka ruwan farko ya sauka, aka yi shuka. Ashiru yana bugo waya, ba ya tambayar komai, gaisuwa kawai yake yi, ni kuwa na san me gaisuwar take nufi.

Na biyu, Oga Sande ya aika gida aka karɓo jan farcen 'yarsa, ya ɗiga ɗan tabo a kan turken da jikin ƙarfen da ke riƙe da shi, don mu san inda muka taso. Kawu ya ce, "Yau kuma kwalliya za a yi mata?" Oga Sande ya ce, "Amarya ce, za ta koma gidan tsohon mijinta."

Na uku, ba mu fara da kaset ɗin gayya ba. Muka ɗauki wani na zubin karkatattun, na wani biki da Kawu yake da kwafinsa, muka yi gwaji da shi. Muka haɗa komai da batirin sola, don in wuta ta ɗauke zare yana naɗe a jikin dirom, sai dai addu'a. Oga Sande ya jona wata na'urarsa mai koren gilashi wadda ke nuna ƙarfin abin da kai yake karantowa. In kai yana cikin kunya sosai, za ka ga hoton ya cika kamar bulo. Namu kuwa ya tsuke ta gefe ɗaya kamar tsinin karas.

Ya sa siririn sukudireba. Ban taɓa ganin hannu ya yi tafiya a hankali haka ba. Ya juya kaɗan, ya tsaya. Hoton ya ƙara tsukewa. "Ba nan ba." Ya koma ɗaya ɓarin. Ni ina sanye da abin ji a kunne. Ɓarkewar ta fara raguwa, kamar ruwan sama yana ɗaukewa a kan kwano. Ya ƙara ɗan ƙiris. Karas ya zama bulo. Sai ga muryar wata zabiya garau, har ƙarar awarwaronta ina ji. Na yi ihu har mai shayin maƙwabta ya leƙo.

Sannan muka sa na Baba Tanko. Na jona waya daga na'ura zuwa kwamfuta, irin wadda lambobin ne suke wucewa kai tsaye ba tare da an mai da su sauti ba, saboda haka abin da ya shiga kwamfuta shi ne ainihin abin da aka rubuta ranar gayya, ba ragi ba ƙari. Jama'a, na ji gona. Hauyoyi suna cin ƙasa, mata suna guɗa daga nesa, wani yana neman a miƙo masa ruwa. Ga muryar Baba Tanko, kakkaura, yana kiran sunan gida, ya yi kirari, sannan ganga ta amsa. Wani abin daɗi kuma, DAT tana da wurin ajiye alama a gefen kowace kunya, Kawu ashe duk take ɗaya sai ya danna maɓalli. Lambobin nan da suke ƙiftawa da, yanzu sun tsaya cak, kowane gida da lambarsa.

Sai dai wuri ɗaya. A farkon kaset, ana fara take na farko, sai shiru na 'yan sakanni, sannan ya dawo. Muka ƙara gwadawa sau ɗaya, haka. Oga Sande ya ɗaga murfin kaset ya haska: zaren ya taɓa tattarewa a nan tun da daɗewa. Farkon zare shi ya fi shan wahala, nan ake ja, nan ake naɗewa. Shi ya sa ake so ka bar minti guda ya tafi a banza kafin ka fara ɗauka. Kawu ya ce ya sani, amma ranar yana sauka daga babur aka fara, bai samu sarari ba. Kuma a al'adar gayya, wa ake fara buga wa? Sarkin Noma. Taken mutumin da zai yanke hukunci shi ne mai rami a tsakiya.

Na ce wa Kawu abu ne mai sauƙi. In yanko bugun da ya gabata, in liƙa a ramin, in goge bakinsa, ba wanda zai gane.

Ya ce, "Kai ba za ka gane ba. Ganga magana take yi. In ka maimaita rabin sunan mutum sau biyu, ka kira sunansa?" Ya nuna na'urar da haɓa. "Ita da kanta da ta ga abin ya fi ƙarfin saninta, ai shiru ta yi. Bar shi yadda ta bar shi."

Ranar kasuwar Baure muka tafi ni da Kawu. Gero ya fara rufe ƙasa, ciyawa ta taso, noman farko ya ƙarato. Muka tarar da Baba Tanko a zaure, an jingina shi da bango, ƙoƙon kunu a gefen hagunsa. Ya ga Kawu, idonsa ya kawo ruwa, bakinsa yana motsi ba abin da ke fita. Inna, matarsa, ta tsaya daga bakin ƙofar cikin gida. Na ajiye 'yar lasifika, na kunna.

Da muryarsa ta fito, Inna ta ce, "La ilaha illallahu, Malam, ga ka nan." Ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ya kira gidan Sarkin Noma. Ganga ta ɗauka. Ni idona yana kan Ashiru, ina jiran ramin nan. Sai shirun ya zo. Amma zauren bai yi shiru ba. Wani ɗan sauti ne ke tashi, "ƙwas, ƙwas-ƙwas, ƙwas". Yatsun hagun Baba Tanko ne a kan ƙoƙon kunu. Ashe tun farko yake bi, ƙarar lasifika ce ta danne shi. Ya ratsa ramin nan bai yi tuntuɓe ba, da sauti ya dawo kuwa, bugunsa da na gangar suka faɗi wuri ɗaya.

Ashiru ya matso har gwiwarsa tana taɓa tabarmar uban. Ya ce, "Nazifi, mai da shi baya." Na mayar. Ya bi a kan cinyarsa, ya kuskure. Tsohon ya yi wani gurnani, ya ɗaga yatsa ya buga ƙoƙon da ƙarfi. Inna ta yi dariya cikin hawaye ta ce, "Faɗan ma bai bari ba." Muka yi ta mayarwa har kunun ya huce, har Ashiru ya ɗauki gula ya fitar da shi a kan gangar kanta. Tsohon ya lumshe ido ya jingina kai.

Na je gayyar. Samari sun zo da lasifikarsu a baro, ba su fasa ba. Kawu bai yi musu gardama ba, ya ce su ara masa, ya kafa makirfo a gaban ganga. Ashiru ya fara da gidan Sarkin Noma. Dattijon yana zaune a inuwa ana yi masa fifita. Da bugun ya kai daidai wurin nan da ni na san rami ne, sai na ga ya miƙe, ya karɓe hauyar wani jikansa, ya shiga kunya. Can gaba Ashiru ya haɗa taken wasu gidaje biyu, wata tsohuwa mai kawo fura ta daka masa tsawa, "Kai ɗan Tanko, mu ba mu ne waɗannan ba!" Aka yi ta dariya, ya gyara. Ba wanda ya ƙara zancen rataye ganga.

Mun kwashe sauran karkatattun kaset duka kafin Oga Sande ya mai da turke kan tabon jan farce. Ta koma daidai, har yau tana aiki.

Abin da na ɗauka daga wannan aiki, ƙannena, biyu ne. In tsohon kaset ya ƙi fita, kada ku yi saurin cewa ya mutu, kada kuma ku yi saurin gyara. Ku fara tambayar wace na'ura ce ta rubuta shi, wa ya riƙe ta, wace hanya ta bi, ta taɓa faɗuwa ko ba ta taɓa ba. Amsar tamu ba a cikin na'ura take ba, a gwiwar hannun Kawu take. Na biyu, inda sauti ya ɓace, ku bar ramin a buɗe, ku je ku nemi mutanen da abin ya shafa tun suna nan. Da na liƙe shi da kwamfuta, da Ashiru ya haddace ƙarya, ya buga ta a gaban gari.

Fayil ɗin yana nan a kwamfutata, da shirunsa yadda yake. Na'ura ba ta iya cike shi ba, ni ma ban cike ba. Amma duk lokacin da na kunna ya iso wurin, sai in ga yatsuna suna buga tebur.